Gonar da Masu Binciken Ƙanƙara Suka Ce Kada In Taɓa

Zuwa ga Shugaban Sashen Binciken Ƙanƙara,
Kaduna.

Daga Isiyaku Bawa, tsohon akawu, Abakpa.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatan da ke ƙarƙashinka, ina roƙon ka yi haƙuri da ganin wannan takarda a jarida maimakon a kan teburinka. Teburin na neme shi har dugadugan takalmina suka suɗe, ban kai gare shi ba. Ni akawun gwamnati ne har na yi ritaya, na san inda takardar talaka take kwana idan ta shiga ofis. Shi ya sa na kawo tawa inda ba mai iya rubuta mata "a ajiye" a kusurwa.

Ga abin da ya tayar da ni. Talatar da ta wuce masinjanku ya yi sallama a ƙofar gidana, ya kwance sabon allon auna ƙanƙara daga bayan kekensa, ya ce an ce in kafa shi a gonata kafin ruwan farko. Ranka ya daɗe, ba ni da gona. Ofishinka ne ya raba ni da ita, kuma zan faɗi yadda aka yi daki-daki, don kada a ce tsoho ya tashi da faɗa ba dalili.

Na ɗaya. Da na bar aiki, fansho ba ya kai mu ƙarshen wata, ga shekarun fari sun bar hatsi da tsada. Rediyo kuwa safe da yamma kira yake kowa ya koma gona. Na je wurin Malam Barau, wani dattijo mai filaye a bayan Hayin Banki, ya ba ni aron gona a gefen rafi. Ba takarda tsakaninmu, ba sa hannu. Sharaɗin aro kowa ya san shi a nan: ka noma, in kaka ta yi ka kai wa mai gona damin godiya. Ranar da ka bar ta ta wuce damina ba a sa mata fartanya ba, ta koma hannun mai ita, ya ba wanda zai noma.

Tofa ce ta cinye wurin lokacin da na karɓe shi. Da hannun nan nawa da bai saba riƙe komai ba sai alƙalami na tone ta saiwa-saiwa, tafin hannuna ya fashe ya warke ya sake fashewa. Na yi ta kai takin bola da kashin awaki a jaki har ƙasar ta yi baƙi. Daga kakar da ta biyo baya, matata Hajara ta rataye kwanon awo a ƙusa, ta daina zuwa kasuwa auno tsaba. Wanda bai taɓa zama da iyali a kan fansho ba, ba zai san girman wannan ba.

Na biyu. Bazarar bara jami'inku Malam Yusha'u ya zo a motar ofis, ya tara mu manoman gefen rafin a gindin ɗorawa. Yaro ne mai ladabi, ba zan ci amanarsa ba. Ya nuna mana allon: katako mai faɗin faifai a kan sanda, an shimfiɗa masa soso mai laushi, an lulluɓe da takarda mai ƙyalli irin ta cikin kwalin taba. Ya ce duk ƙwayar ƙanƙarar da ta faɗo a kai za ta bar lotsawa, daga lotsawar ne masana ke gane girmanta da ƙarfin da ta sauko da shi.

Ya yi mana bayanin wahalar aikin, kuma na saurara da kunne biyu. Ya ce ƙanƙara ba kamar ruwan sama ba ce da ke game gari. Siririyar hanya take bi, ta daki wannan gona ta tsallake ta kusa da ita, ta ɗauke kafin mutum ya shanye kwanon fura, ta narke kafin mai ilminta ya iso. Ba mai iya cewa ga inda za ta sauka gobe. Ya ce a ƙasashen waje an kai ga yanka ƙwayarta a ga zobe-zobe a ciki irin na albasa, a karanta yadda ta yi ta hawa da sauka cikin hadari kafin ta faɗo. Wasu ƙasashen ma har harba magani suke cikin gajimare da igwa ko jirgin sama, wai don ta sauko ƙanana ko ta zama ruwa, ko da yake masanan da kansu ba su gama gardamar ko maganin ne ke aiki ko sa'a ba. Mu kuwa a nan, in ji shi, ko sau nawa take sauka a shekara da inda ta fi so ba a sani ba tukuna, sai an fara aunawa.

Wallahi maganar ta shige ni. Sauran manoman suka noƙe. Maƙwabcina na gona, Ɗan'asabe, ya ce shi ba ya ajiye kayan gwamnati a gonarsa, don ranar da ya ɓace shi ne ɓarawo. Ni na yi musu dariya a raina, na ce jahilci ne, na miƙa hannu na karɓa. Sharaɗi guda aka ba ni, aka maimaita, na kuma sa hannu a kansa: idan ƙanƙara ta sauka, kada in taɓa fuskar allon, kada in taɓa gonar, ko kara guda ko ciyawa guda, sai ma'aikatanku sun zo sun ɗauki hoto sun ƙidaya ɓarnar. Malam Yusha'u ya ce kafin mako ya zagayo za su iso.

Na uku. Ta sauka. Wata la'asar ce, masarata ta kai gwiwa, dawa ta fara ɗago kai. Ina cikin gonar hadari ya haɗo daga gabas, iska ta juya sanyi, sai na ji abu na dukan hulata. Ni da Ɗan'asabe muka ruga gindin ɗorawa, kowa da kwando a ka. Yawancinta kamar gurjiya, manyan cikinta sun kusa ƙwan zabuwa. Da ta ɗauke muka fito, ganyen masara ya zama zare-zare, wasu karan sun kwanta, ƙasa ta yi fari fat.

Na tsinci manyan na zuba a fulas ɗin shayina kamar yadda aka koya mini, na hau keke har ofishinku. Na tarar an tashi. Washegari da Malam Yusha'u ya buɗe fulas ɗin, ruwa ya gani, ya ce ba komai, dama firijin ofis ɗin ya daɗe da lalacewa. Amma da ya ji ƙanƙarar ta sauka a kan allon, sai ya miƙe tsaye. Ya ce duk allunan da suka kafa a kewayen garin nan, nawa kaɗai ta taɓa. Ya riƙe hannuna da hannu biyu yana kirana Baba, yana haɗa ni da Allah kada in bari ko akuya ta ratsa gonar. Na fito daga ofishinku ina jin na zama wani abu a ƙasar nan, ni da ƙanƙara ta gama yi wa ɓarna jiya-jiya.

Na huɗu, kuma nan ne ciwon yake. Ɗan'asabe da sauran waɗanda ta daka ba su jira kowa ba. Tun ƙasa na da laima suka bi kunya-kunya, suka cire abin da ya mutu, suka sake shuka, suka yi noman firi. Ni na sare ƙaya na kewaye sandar allon, na zauna jiran mota.

Mako ya zagayo, ba ku zo ba. Na je, aka ce motar ba taya. Na koma, an sami taya, amma masanin da ya iya ƙidayar ya tafi taro ƙasar waje, taron masana ƙanƙara kuwa. Ya dawo, sai aka ce na'urar ɗaukar hoto ba fim. Ana jiran fim aka yi wa Malam Yusha'u canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi bai taɓa jin sunana ba. Ya duba fayil, ya ga sa hannuna, ya ce tunda a rubuce yake kada in taɓa, to kada in taɓa, zai tambayi Shugaba. Duk zuwan da na yi abu guda nake roƙo: in ba za a zo ba, a sallame ni in noma gonata. Ranka ya daɗe, a ofishinka kowa ya iya cewa a dakata, tun daga maigadi har mataimakinka. Cewa a ci gaba ce aka ce ba mai ikonta sai kai, kai kuwa kullum kana mitin, ko kana rangadi, ko ka fita yanzun nan.

Abin da ba zan manta ba shi ne, masarar nan ba ta mutu duka ba. Bayan kwanaki sai ga sabon ganye na fitowa daga tsakiyar karan da ƙanƙara ta yayyage, kore shar. Fartanya kawai take nema. Ina tsaye a kan iyaka, hannuwana a baya, ina kallon ciyawa ta taso ta kamo ta, ta wuce ta, ta rufe ta. Tofar da na tone da jinin hannuna ta dawo daga gefen rafi tana shiga kunya bayan kunya. Na yi kuka a wurin nan, ni da furfurata, ba na jin kunyar faɗa.

Mutanen gefen rafi suka naɗa mini sarauta, Sarkin Ƙanƙara. Ɗan'asabe in ya zo wucewa da fartanya a kafaɗa sai ya tsaya ya tambaye ni ko yau ne za a zo ɗaukar hoton ciyawar, ya ce in gaya musu su zo da wuri don ta yi kyau. Wasa yake, amma sau biyu ya ce zai kawo mini gayya a nome gonar rana guda, na ƙi. Hajara ta ce in je da sassafe in yi nomana, wa zai sani, ai su mutanen ofis ba su san bambancin masara da gamba ba. Na ce mata na sa hannu. Ba ta sake yi mini maganar ba. Wata safiya dai na ga ta sauke kwanon awon daga ƙusa, ta goge shi, ta yafa mayafi ta nufi kasuwa.

Na san masu karanta wannan takarda za su ce ai wauta ce, me ya hana tsohon nan ya noma abinsa? To ga amsata, kuma kai nake ba wa, ranka ya daɗe, don kai ka san gaskiyarta. Na ƙare ƙuruciyata a aikin da aka koya mana cewa umarnin da aka bayar yana nan daram sai wanda ya bayar ya janye shi. A kan wannan ofisoshinku suke tsaye, har naka. Da irina kuke samun masu tsare muku allo a daji ba albashi. In riƙe alkawarin gwamnati ya zama wauta a zamanin nan, sai ku sanar a rediyo kowa ya ji, mu tsofaffi mu daina. Kuma kowane zuwa, ba a taɓa ce mini ba za a zo ba. Litinin ake ce mini. Mutum ba ya rushe abin da ya tsare wata guda saboda Litinin guda, haka aka yi ta ja na har lokacin shuka ya wuce, har na maimai ya wuce, har damina ta ɗauke.

Na biyar. Kaka ta yi, kowa na ɗaure dami, ni ba ni da ko zangarniya. Na je wurin Malam Barau hannu rabbana. Ya zaunar da ni a zaurensa, ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce shi dai a tsawon ransa bai taɓa jin gwamnatin da rediyonta ke ihun a koma gona, ma'aikatanta kuma na hana mutum noma ba. Bai ce na yi ƙarya ba. Kallona kawai ya yi, irin kallon da ake yi wa ɗan boko da rana ta kora daga gona ya zo yana neman hujja. Na fiddo kwafin takardar da na sa wa hannu, ya ce in mayar aljihu, shi ba ya karatun boko, kuma ba da takarda ya ba ni gonar ba. Amma ya yi mini adalcin da ofishinka bai yi mini ba. Ya ce in kawo masa mutum guda daga wurinku, ko masinja ne, ya tsaya a zauren nan ya faɗa da bakinsa cewa ku kuka hana ni, kafin lokacin sharar gona. In aka yi haka, gona tana hannuna.

Mutum guda, ranka ya daɗe. Ba masani ba, ba mota ba, ba fim ba. Na yi safa da marwa tsakanin Abakpa da ofishinka rani guda a kan wannan. Aka ce ba abin hawa, na ce zan goya shi a kekena in dawo da shi. Aka ce ma'aikaci ba ya fita sai da izinin Shugaba, in rubuto a rubuce. Na rubuta, da irin rubutun da na yi wa gwamnati shekara da shekaru, na kai da hannuna. Har yau ban ji amsa ba.

Lokacin shara ya yi. Malam Barau ya cika maganarsa, ya ba surukin Ɗan'asabe gonar. Ban ga laifinsa ba, gona ba ta zama haka nan, kuma mutumin yana da iyali kamar yadda nake da su. Ranar da na bi ta wurin na tarar ya tara tofa ya cinna mata wuta, ƙarƙashin tokar ga baƙar ƙasar da na yi da takina. Ya ajiye manjagara ya gaishe ni da girmamawa, ya roƙe ni in ɗauke allon, don yana tsoron a ce ya lalata kayan gwamnati. Na tuge shi da sandarsa, na ɗora a ka, na turo keke da hannu guda har gida, ana kallona a hanya.

Bayan wannan duka ne, ranar Talata, masinjanku ya yi sallama. Ashe akwai masinja. Ashe yana da keke, ashe kun san ƙofar gidana. Mutumin da Malam Barau ya nema rani guda, ga shi tsaye a zaurena da kakinsa, ya makara da mako biyu, kuma ba don ni aka aiko shi ba. Na ba shi ruwa ya sha, don shi ɗan aike ne. Na tambaye shi ko ya san wani abu game da gonata, ya ce shi dai sunana ya gani cikin waɗanda suka fi ba da haɗin kai.

Na shida. Kwanan baya na ji ka a rediyo kana cewa bincikenku na samun ci gaba, sai dai ƙarancin kayan aiki da rashin haɗin kan manoma ne ke ja muku baya. Ƙarancin kayan aiki na yarda, na ga firijinku. Na kuma yarda aikin na da wuya, don na ga da idona yadda ƙanƙara ta daki gonata ta bar ta ƙetaren rafi ko ganye bai karye ba. Ba na gaba da ilmi, har gobe ina so a ce ɗan ƙasar nan ya iya duban hadari ya ce wa manomi ga abin da ke tafe. Amma haɗin kan manoma, ranka ya daɗe, ka same shi sau guda cikakke, a wurin da ƙanƙarar ta sauka a kan allonka, abin da jami'inka ya ce kun yi ta fatan samu. Ba wanda ya zo ya duba. Manoman gefen rafin sun ga abin da ya sami wanda ya ba ku haɗin kai, kuma in ka aika musu da allo bana, ni kaina zan ce kada su karɓa.

Saboda haka ina roƙon abubuwa kamar haka.

Ka aiko mutum ya je zauren Malam Barau ya faɗa masa da baki cewa ku kuka hana ni noma. Gonar ta tafi, na sani. Amma dattijon nan ya tsufa, ba na so ya koma ga Allah yana ɗaukata rago maƙaryaci, kuma in ya ji gaskiya wataƙila ya tuna da ni in wani lungun fili ya faɗo, ko mai tofa ne.

Duk manomin da har yanzu yake riƙe da allonku, a yanka masa wa'adi a gaya masa: in kwanakin suka cika ba ku zo ba, ya sa fartanya, ba sai ya nemi izinin kowa ba.

In za ku rubuta rahoton daminar bara, kada ku ɗora wa ƙanƙara gonata. Abin da ta ɓata, maƙwabtana sun gyara nasu cikin kwanaki sun ci masara. Sauran ku rubuta shi da sunan ofishinku.

A ƙarshe, ku zo ku ɗauki allunanku, biyu ne yanzu a zaurena. Sabon ko ƙunshinsa ban buɗe ba, don ban san inda zan kafa shi ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka. Allah ya sa aikin nan ya amfani manoman da za su zo bayanmu. Allah kada ya nuna maka ranar da za ka tsaya a kan iyaka, hannu a baya, kana kallon ciyawa na shaƙe abincin 'ya'yanka.

Tsohon allon kuwa in kun zo za ku same shi yadda ƙanƙara ta bar shi, kowace lotsawa na nan. Ƙura ta hau shi, Hajara ta so ta goge na hana ta. Ban taɓa fuskarsa ba, ranka ya daɗe, don har yau ba wanda ya sallame ni.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Isiyaku Bawa,
Abakpa, Kaduna.